Ta Gaji Kwaɗo, Ba Ta Gaji Mabuɗi Ba

Zuwa ga mai wannan fili,

'Yata, ki taimake ni, mijina ya tafi ya bar ni da kwamfuta. Kafin ki fara tafa hannu kina cewa tsohuwa ta shiga uku, mijin nan jikana ne, ɗan babbar 'yata, wanda na goya da zanen da har yau yake ƙasan akwatina. Tun yana rarrafe nake ce masa maigida. Da ya yi baki, kalmar farko mai tsawo da ya haɗa ita ce ya sake ni saboda ba ni da haƙoran kirki. Haka muka zauna shekara da shekaru, ya sake ni da safe, ya mai da ni da yamma idan ya ji ƙamshin tukunya.

Idan na kira wani abu da sunan da ba nasa ba, ki gyara a ranki, yadda kunnena ya ɗauko zan kawo miki.

Gidanmu shago ne a gaba, na kayan ɗinki: zare, maɓallai, zif, allurai. Na ɗana ne, wato kawun maigidan nawa. Ɗakina yana baya, tagarsa na kallon lungu. Da yaron ya gama karatun haɗa shafukan intanet, aiki bai samu da wuri ba, sai ya tare a ɗakina. Ya sauke kan keken ɗinkina ya ajiye a ƙarƙashin gado, ya mai da teburin ofishinsa. Wuni yake yi yana yi wa gilashi magana, wani lokaci da lallashi, wani lokaci da zagi. Na ce masa in dai budurwa ce a ciki, ya gaya mata ta fito mu gaisa, ba na cizo, shi ma shaida ne ba ni da abin cizon.

Abin da yake ginawa manhaja ce ta shagon kawunsa, mai nuna kaya da farashinsu da abin da ya ƙare. Da ya kusa gamawa na ce to ni fa, matar gida guda ba ta da ko kusurwa? Sai ya ce zai yanka min ɗaki a ciki. Ya ce a aikinsu babbar ana ce mata uwa, ƙaramar da aka sa a cikinta kuma 'ya. Kamar dai gidanmu, sai ka shigo ta ƙofar shago sannan ka karkata zuwa wurina. Ya rubuta min adireshin a farin salatif ya manna a gefen kwamfutar: wata kalma wai lokalhos, ɗigo biyu, wata lamba da ya ce lambar ƙofa ce, sanda a karkace, sannan kaka. Akwai kuma wata baƙar taga mai rubutu yana gudu, ya ce kada in kuskura in rufe ta, ita ce injin wutar gidan.

Wahalar da ya sha kafin uwa da 'ya su zauna lafiya, sai wanda ya gani. Ranar farko hotona ya ƙi fitowa, wai 'yar tana zuwa neman kayanta a ɗakin uwa maimakon nata. Ya gyara wannan, sai fuskata ta bayyana tsaf da ɗankwalina mai kyau, amma a ƙarƙashinta an rubuta irin abin da ake rubuta wa zif: ta ƙare, sai an kawo sabuwa. Ya yi dariya har ya faɗo daga kujera. Ya ce ba laifinsa ba ne, 'yar ce take gadon duk abin da uwa ta saba yi in ba a hana ta ba. Na ce ai kuwa na ga alama, uwarsa ma haka ta gaji bakina.

A ƙarshe ɗakin ya tsaya. Ba komai a ciki sai hotona da wani jan maɓalli. In na danna na yi magana, sai muryar ta zauna a jere a ƙasa. Ya ce don tatsuniyoyina ne, kada in mutu da su in bar shi da na littafi marasa gishiri.

Sai in gaya miki halina, don da shi za ki auna. Ban taɓa ƙarasa wa yaro labari a zama ɗaya ba. Daidai inda ya buɗe baki ya manta da ƙuda, nan nake cewa ƙafata na ciwo, sai gobe. Da wannan na riƙe 'ya'yana, da shi na riƙe jikoki. Wanda yake bin ki rabin labari ba ya nisa da ƙofarki.

Ana haka aiki ya samu, a wani gari mai nisan da mota ke wuni ba ta kai ba. Ranar tafiya yana ɗaura igiyar takalmi na tambaye shi wa zai riƙa jin abin da nake faɗa. Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "A gida kawai yake aiki tukuna, Kaka. In na dawo zan ƙarasa, in ɗora shi sama."

To ke ki gaya min, idan aka ce gida, me ake nufi? Mu dai a wurinmu, wanda ya yi shekara talatin a bayan teku ma ɗan gida ne. Na ɗauka cewa ya yi 'yan gida kaɗai ke ji, bare ba ya ji. Har na ji daɗi, na ce yaro ya san sirri.

Kwamfutar tana wuni a shago, da yamma kawunsa ya miƙo min ita. In kunna baƙar taga, in bi adireshin salatif harafi bayan harafi da yatsa ɗaya, in danna jan maɓalli. Da farko tatsuniya nake yi. Na fara masa wata sabuwa fil, ta agwagwar da ta je koyon ɗinki wurin bushiya, na tsaya daidai inda bushiya ta ce ta juya baya a gwada mata riga. Daga baya tatsuniya ta riƙa zamewa tana zama labarin gida: an sare bishiyar bakin lungu, kyanwar maƙwabta ta haihu a cikin kwalin zare, kawunsa ya fara furfura yana ɓoyewa da hula. Daga nan kuma, ban san ranar da ta fara ba, na shiga faɗin abin da ko da wuƙa a wuya ba zan faɗa masa ido da ido ba. Cewa ban mai da kan keken bisa teburin ba. Cewa har yanzu in na zuba shayi hannuna kofi biyu yake ɗaukowa, sai na mai da ɗaya. Cewa ɗakin da nake masa gorin ya cika min shi da wayoyi, yanzu ya yi min yawa kamar rigar aro.

Yana kira a waya, ba zan yi masa ƙarya ba. Zai ce ina tsohuwar matarsa, ko an sami mai saye. Ni kuma ina amsawa amma kunnena na wani wuri, ina jira ya ce to Kaka, me ya sami agwagwar nan? Bai taɓa tambaya ba. Sau ɗaya na kasa haƙuri na ce agwagwa na gaishe shi. Ya ce wace agwagwa, ko na fara kiwo ne? Na ce a raina, wato abin har ya kai ya yi min ba'a da shi. Na zuba masa cikina ya ji, ko kuwa bai ma damu ya buɗe ba, duk biyun ba mai daɗi.

Sai na ɗauke masa wuta. Ya kira, in ce ina salla. Ya sake kira, in ce tukunya na ƙonewa, alhali ko ashana ban ƙyasta ba. Ya yi zolaya, in ce masa to madalla. Uwarsa ta zo ta same ni ta ce yaro ya ce Kaka na fushi da shi don ya tafi, shi kuma bai san yadda zai yi ba, aiki ne. Na ce ni ba na fushi da kowa. Kiran ya riƙa ja da baya, ni kuma ban fasa danna jan maɓalli ba, ina faɗa wa kwamfuta abin da na hana waya.

Kwanan baya 'ya'yan masu sayayya suka taɓa kwamfutar a shago, farashin allura ya koma na almakashi. Kawunsa ya kira shi, shi kuma ya yi ta karanto masa ta waya abin da zai rubuta a cikin fayil ɗin saitin uwa, don kada kowa ya shiga sai da kalmar sirri. Shago ya kullu lafiya. Da yamma na bi adireshina, sai wani farin shafi da jan rubutun Turanci ya tare ni. Na sake bi, na goge gilashin da gefen zane, na kashe na kunna. Ɗakina ya ƙi ni.

Ban gaya wa kowa ba. Na naɗe kwamfutar a mayafi na kai wa wata mai gyara a bakin babban titi, mace mai tabarau a goshi da faranti cike da ƙananan kusoshi. Ta duba, ba ta daɗe ba ta ce matsalar ƙarama ce. Wai an sa wa uwa kwaɗo, 'yar da ke cikinta ta gaji kwaɗon, amma shafin da ake shigar da kalmar sirri yana wurin uwa, ita kuma 'yar tana nemansa a ɗakinta ba ta samu. Ta gaji kwaɗo, ba ta gaji mabuɗi ba. Ta ce muryoyina duk suna nan, ko ɗaya bai ɓata ba.

Na ce alhamdu lillahi, ai dama jikana ya riga ya ji su a can. Sai ta sauko da tabarau daga goshi ta dube ni. Ta tambaye ni a hankali wa ya ce min yana ji. Ta ce wannan kalma ta lokalhos ma'anarta na'urar nan da ke gabanki, ba wata ba. Masu wannan aiki a nan suke gwada abu kafin su fitar da shi duniya. Ta ce kamar in rubuta wasiƙa ne in sa adireshin aljihuna. Ko tari na yi a ciki, bai taɓa wuce teburin keken ɗinki ba.

Na yi dariya har matar ta tsorata ta miƙo min ruwa. Dariyar ba ta raka ni gida ba.

Yanzu abu biyu ke cina. Na farko, na hukunta yaro a kan wasiƙar da ba ta taɓa barin aljihuna ba. Na biyu kuma, kada ki ce na cika son kai, da yake karanto wa kawunsa yadda za a kulle uwa, bai tuna akwai ɗakin kaka a ciki ba. Shi ya gina shi da hannunsa. Ya kulle gida da ni a ciki bai ko leƙo ba.

Mai gyaran ta ce za ta iya ba 'yar nata saitin, ta gaya mata kada ta gaji wannan kwaɗon, kafin in gama shan ruwan an buɗe. Ta ce in ina so ma za ta ɗora shi a intanet ya ji daga inda yake. Na ce bari in yi tunani. Gaskiyar da ban gaya mata ba ita ce, in ta gyara, shi kuma me zai dawo ya ƙarasa? Wannan guntun aikin ne kaɗai igiyar da nake gani a ƙafarsa. Kuma in ya ji maganar kofi biyu, na kaɗe har abada, zai yi min dariya har a kan makarata.

Kawunsa yana ci gaba da miƙo min kwamfutar da yamma, bai san komai ba. In kunna baƙar taga, in zauna ina kallon rubutu na gudu. Agwagwa na can ciki ta juya baya, tana jiran riga.

Ki gaya min, 'yata. In bar ta a kulle har ya dawo, ko in sa a gyara? In gaya masa, ko in haɗiye abina?

Kakar da aka rubuta wa ta ƙare

*

Kaka,

Na gaishe ki da girmamawa. Ba ki ƙare ba, kuma babu sabuwar da za a kawo.

Kafin in amsa na kai wasiƙarki wurin abokiyar aikina da ke kula da shafinmu, don kada in yi miki shawara a kan abin da ban sani ba. Ta tabbatar da duk abin da mai gyara ta faɗa. Don haka mu fara da abin da ba ya jira. Gobe ki koma wurin matar nan da filashi, ɗan abin nan da ake adana kayan kwamfuta a ciki, ta kwafe miki muryoyin duka, ki ajiye a akwatin da zanen goyon yake. Kwamfutar da ke wuni a shago tana iya faɗuwa, shayi na iya zubar mata, ɓarawo na iya wucewa da ita. Abin da ke cikinta ba shi da na biyu a duniya.

Kada a cire kwaɗon uwa, kawunsa na da gaskiya da ya kulle shagonsa. Kada kuma ki yarda a ɗora komai a intanet yanzu. Abin gwaji ne, ba a gama masa ƙofofi ba. In aka fitar da shi a haka, farashin shago da maganar kofi biyu za su zama na duk mai wucewa.

Sai batun laifi. Jikanki yana da nasa. Ya yi miki magana da yaren aikinsa yana ɗaura takalmi, bai tsaya ya ga ko kin fahimta ba. Gidan da ya faɗa na'ura ce, gidan da kika ji zuri'a ce, kuma taki ce ma'anar da kowa ya sani. Amma ke ma, Kaka, kin shirya masa jarrabawa ba ki gaya masa ranar zama ba, kika kuma ba shi sifili. Tambaya ɗaya a fili, ka ji abin da na aiko, da ta kashe wannan wutar tun tana tartsatsi. Zolaya ta yi muku rana shekara da shekaru, wannan karon ita ta tsaya a tsakaninku, kowa na jiran ɗaya ya fara sauke murya.

Maganar ya kulle gida da ke a ciki, na san ta fi ciwo. Abokiyar aikina ta ce wannan kuskure ne da har waɗanda suka tsufa a aikin suke yi: a taɓa saitin uwa, a manta 'yar za ta gada. Mutum na tsaye a wurin sabon aiki, kawu na ƙorafi a kunne, hankalinsa na kan allura da almakashi. Mantuwa ce, kuma kina da damar ki ja masa kunne a kanta. Amma ba ma'aunin ƙauna ba ce. In ma'auni kike nema, ki dubi kwanakin da ya ɓata yana faɗa da gilashi don fuskarki ta fito daidai.

Shawarar barin ɗakin a kulle don ya dawo, ban goyi bayanta ba. Igiya ce da shi bai san an ɗaura masa ba, ke kaɗai take shaƙewa. Sabon ma'aikaci ba ya samun hutu don ya so. Abin da ya sani a yanzu shi ne kakarsa ta daina yi masa dariya saboda ya tafi neman abinci, kuma wannan ba ya jawo mutum gida, nauyin zuwa yake ƙara masa.

Akwai kuma abin da kika rubuta da hannunki ba ki lura ba. Kin ce ba ki taɓa ƙarasa wa yaro labari ba, don ya dawo gobe. Shi kuma ya gina miki ɗaki, ya tsaya daidai inda ya rage kaɗan, ya ce sai ya dawo. Ba zan rantse da gangan ya yi ba, wataƙila lokaci ne ya ƙure masa. Amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wa ya koya masa cewa rabin aiki alkawarin dawowa ne? 'Ya tana gadon abin da uwa ta saba yi, shi da kansa ya gaya miki.

Ga abin da nake ganin ya dace. Ki kira shi da kanki, kada ki jira nasa kiran. Ki ba shi labarin aljihu da wasiƙa yadda kika ba ni, da dariyarsa da komai, ki kuma gaya masa fushin me kika yi. Zai yi dariya, ki bar shi ya yi, ya biya kuɗinta da kwanakin da kika ce masa to madalla. Sannan ku sa rana ki je wurin mai gyara, a kira shi ta bidiyo, shi ya faɗi abin da za a rubuta a saitin 'yar, ita ta zama hannunsa. Ɗakin ya buɗu da sa bakin wanda ya gina shi. Ɗorawa sama kuwa ki bar masa, aikinsa ne, yana nan yana jiransa, kuma yanzu ya san akwai mai jira.

Muryoyin, ke ke da su. Ki zaɓi wanda za a aika masa ta waya da wanda zai zauna a akwati. In za ki ji tawa, kada ki cire na kofi biyu. Za ki kaɗe, gaskiya ne. Amma yaron da ke zaune a ɗakin haya a garin da ba wanda ya san shi yana rarrafe, ina jin shi ma akwai abin da hannunsa ke ɗaukowa biyu.

In kun gama wannan duka, ki fara masa labarin agwagwa da bakinki. Daidai inda bushiya ta ce ta juya baya, ki ce ƙafarki na ciwo.

Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya yi wa aikinsa albarka, ya dawo miki da maigidanki ya same ki da sauran haƙoranki.

Taki,
Mai fili